Kumatun Allura da Kunyar Ɗan Fari

A gidanmu na Limancin Kona ba a ganin uwa tana wasa da ɗanta na fari. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini haka, a gidan ubana ma haka na taso na tarar. Za ki shayar da shi, ki yi masa wanka, ki goya shi in babu mai karɓar miki, amma ba za ki kira sunansa ba, ba kuma za ki tsaya kina leƙa fuskarsa kina yi masa surutai a gaban mutane ba. In ya faɗi a tsakar gida ya tsala ihu, sai ki ci gaba da tankaɗenki kamar ɗan maƙwabta ne, har wata ta zo ta ɗauke shi. Wadda ta kasa daurewa ta ruga, to ta ba mata abin hira har ƙarshen mako.

Surukata, wadda duk unguwa ke kira Hajiya, ita ce gwanar wannan kunya. Mijina ne ɗanta na fari. Ya kusa arba'in a lokacin, yana aikin ofis a unguwar Kongo, har da masu gaishe shi da rusunawa, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan ya dawo?" "A kai wa wancan abincinsa kada ya huce." In ya shigo gaishe ta da safe, tana amsawa ne tana kallon tasbaharta. Da farko na ɗauka ba ta damu da shi ba, sai da na lura ba ta taɓa kwanciya ba ta ji ƙarar babur ɗinsa a zaure ba.

Da na haifi nawa ɗan farin, na dawo daga wankan jego, na shiga layi ba gardama. Har yabona ake yi. Ni da nake koyarwa a firamare, ina yini ina share wa 'ya'yan mutane hanci, in na dawo gida sai in wuce nawa a cinyar Hajiya ko kallo bai ishe ni ba. Ita kuwa ta samu miji sabo. "Maigidana," take ce masa, irin wasan kaka da jika, tana tambayarsa ina kuɗin cefane, shi kuma yana tsotsar gefen mayafinta.

Sai dai ina da sirrina. Bayan azahar, in zafi ya kwantar da gidan, nakan saki labulen ɗakina, in kunna rediyo, in kwantar da shi a kan gado. Sai in cika kumatuna da iska kamar kwaɗo, in matso da fuskata a hankali, in saki iskar a wuyansa. Dariya yake yi har da shaƙewa, bakin nan babu haƙori ko ɗaya, ƙafafu suna harbin iska. In ta yi yawa sai in ƙara muryar rediyon. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar wannan dariyar ba, kuma ko mijina bai san da ita ba.

Ya kusa wata shida abin ya fara. In ya farka daga barci, sai kansa ya faɗo gaba farat ɗaya, hannayensa su buɗe su rufe kamar zai rungumi wani, ya saki, can kuma ya sake, ya yi ta yi a jere, sannan ya fashe da kuka. Hajiya ta ce firgita ce, aka yi masa tofi. Wata ta ce ciwon ciki ne, wata ta ce haƙora ne ke tafe. Ƙanin mahaifin mijina, wanda muke kira Baffa, mai ba da karatu a zauren gidan, ya yi rubutu aka ɗiga masa. Abin bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa. Mijina ne ya ɗauki abin a wayarsa wata safiya, ya ce gobe asibiti za mu.

Likitar yaran da muka samu mace ce, ta girme ni da kaɗan, Bahaushiya Kirista 'yar Wusasa, Hausarta ta fi tawa tsafta. Ta kalli abin da ke cikin wayar har sau biyu, ta tura mu aka manna wa yaron wayoyi a ka aka auna yadda ƙwaƙwalwarsa ke aiki. Da sakamakon ya fito ta ce wani nau'in farfaɗiya ne da ke kama jarirai, kuma ba ya son jinkiri, domin in aka bar shi yana tauye wa yaro hankali. Hajiya ta gyara zama. Tun daga ranar ba ta yarda an furta wannan kalmar a gidan ba, sai dai a ce "lalurar nan".

Maganin allura ce a cinya. Likitar ta ce homon ne, wato wani sinadari da jikin mutum da kansa yake yi kaɗan-kaɗan, su kuma za su ba shi da yawa na ɗan lokaci don ya kashe fizgar. Ta ce magani ne mai ƙarfi. Zai riƙa ci kamar ba gobe, zai yi ƙiba, jininsa na iya hawa, a kiyaye shi da masu mura, kuma halinsa na iya canjawa. "Duk abin da kuka gani, ko kun ɗauka ƙarami ne, ku faɗa mini," in ji ta. "Kuma kada wanda ya tsayar da allurar nan da kansa. A hankali ake janye ta."

Ba a daɗe da farawa ba fizgar ta tsaya cak. Na riƙa tsayawa a bakin gado in ya farka, ina jiran kan nan ya faɗo, bai faɗo ba. Hajiya ta sa aka yi waina aka raba wa maƙwabta. Kwanakin farko ya yi ta rigima, ba ya barci, ba ya yarda a ajiye shi. Daga baya rigimar ta wuce, sai ya yi shiru.

Sai kuma ƙibar ta zo. Kumatu suka cika suka sauko, wuya ya ɓace, rigunan da aka ba shi na suna duk suka ƙi shiga. Mata masu zuwa dubiya suna ɗaga shi suna nishi. "Tubarkalla, masha Allah! Wannan ne ake cewa ba shi da lafiya?" Hajiya kuwa bakinta har kunne. "Maigidana ya zama alhajin birni," take cewa, "saura babbar riga." A wurinmu yaro mai kumatu shi ne lafiyayye, kuma yaron da ba ya kuka uwarsa ta yi sa'a. Har Baffa, da aka kai masa shi zaure, ya daɗe yana dubansa, ya ce wannan natsuwa ta malamai ce, haka aka ce kakansu yake tun yana zanin goyo.

Ni kaɗai na san ba natsuwa ba ce. Bayan azahar na saki labule, na kunna rediyo, na cika kumatuna, na saki iskar a wuyansa. Ko motsi bai yi ba. Na sake. Idanunsa suka bi ta kan fuskata suka wuce zuwa bango, kamar ni da bangon duk ɗaya ne. Washegari haka, jibi haka. Yana cin abinci, yana barci, yana numfashi, amma yaron da na sani ba ya cikin jikin nan mai nauyi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ko lokacin fizgar ban ji kamarsa ba, domin a lokacin ko ba komai in ta sake shi yana nemana da ido.

Ranar asibiti Hajiya ce ke riƙe shi, kamar kullum, ni ina bayanta da jakar kaya. Likitar ta auna shi, ta ji daɗin tsayawar fizgar, sannan ta ce, "Yana wasa? Yana murmushi?"

"Lafiya lau, likita," in ji Hajiya. "Ga shi kina gani. Ko kuka ba ya yi."

Na buɗe baki na rufe. In na ce ya daina yi mini dariya, na faɗa ke nan a gaban surukata cewa da ma ina shiga ɗaki ina wasa da ɗan fari. Yanzu da nake rubuta wannan abin yana ba ni dariya, amma a ranar harshena ya yi nauyin dutse. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata har muka fito.

Da muka koma zuwa na gaba ta sake yin tambayar, Hajiya ta sake ba da amsarta. Wannan karon likitar ta ajiye bironta ta dube ni, ta dubi yadda na zauna a karkace na ba yaron gefe.

"Ɗan fari ne?"

"Na fari ne," in ji Hajiya.

"Shi ya sa," ta ce, tana murmushi. Ta kira wata nas. "Hajiya, don Allah a taimaka a bi ta a sake auna jininsa a ɗakin can, ya fi yarda da ke."

Suna fita ta jawo kujerarta kusa da ni. "To ƙanwata, surukarki ta fita. Kakata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babana ba, saboda haka ba sabon abu za ki nuna mini ba. Me kika gani?"

Na faɗa mata duka, har da kumatun da rediyon. Ina faɗa ina kuka, kukan da ban samu wurin yinsa a gida ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce maganin kansa yakan sa wasu yara su yi sanyi haka, su daina kula mutane, amma tana so ta ga abin da ke ciki da idonta. Ta rubuta a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa.

Ranar da za a duba hoton mu uku muka je, har da mijina. Ta ɗaga shi a jikin fitila ta nuna mana da bayan biro. Ni ban san yadda ƙwaƙwalwa take ba, amma ko ni na ga abin da take nufi. Ta ɗan motse ta janye daga jikin ƙoƙon kai, kamar tuwon da ya kwana ya saki gefen kwano, ruwa ya cike gurbin.

Mijina ya miƙe tsaye. "Ta lalace ke nan, likita? Mu da hannunmu muka kawo shi aka yi masa haka?"

Ta ce ya zauna. Ta ce an san wannan allurar da yin haka, kuma a yawancin yara ƙwaƙwalwar tana komawa ta cika bayan an daina, sai dai abin yana ɗaukar watanni. Ta ce ba za ta rantse mana a kan yaronmu ba, domin ita ma cutar tana barin tabonta, kuma yanzu ba mai iya raba wanne ne na cuta wanne ne na magani. Mijina ya ce to daga yau an daina. Ta ce a'a, in aka yanke rana ɗaya jikinsa ba zai ɗauka ba, za ta fara ragewa ne kaɗan-kaɗan. Sannan ta juya wajen Hajiya, ta sassauta murya.

"Hajiya, alfarma nake roƙo. Yaron nan yana bukatar a riƙa yi masa magana fuska da fuska, a cikin haske, kullum, a daɗe ana yi ko bai kula ba. Kowa ya yi, amma fuskar uwarsa ya fi sani."

A cikin keke muna dawowa ta Ƙofar Doka, maganar da Hajiya ta yi kawai ita ce hadari ya haɗu, Allah ya sa an kwashe shanya.

Washegari ita ta fara gwadawa. Ta zaunar da shi a cinya, ta tafa hannu, ta yi masa waƙar tashi maigida rana ta yi, ta kaɗa masa makullai. Yana zaune dai kamar buhun gero. Na hango ta daga madafa ta ƙura masa ido, ina jin a ranar ta fara ganin abin da ke bayan kumatun.

Kashegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar gwaibar da ke tsakar gida, ta kwantar da shi. Ta aiki matar ƙanin mijina gidan ƙanwarta da saƙon da bai kai a aika ba. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zan shiga in yi walaha. A kula kada kaji su taka shi." Ta shige ta ja ƙofa. Hajiya da ke idar da walaha kafin ruwan shayi ya tafasa, ranar sai da rana ta kusa take tsaka ta fito, tana gyaran murya tun daga cikin ɗaki.

Haka muka yi ta yi duk lokacin hutun makaranta, da aka koma kuma muka mayar da shi bayan la'asar, Hajiya ta samo wani lazimi mai tsawo da ban san ta da shi ba. Ba mu taɓa yin maganar ba. Ni kuma in durƙusa a tabarma in yi ta zuba. Na ba shi labarin 'yan ajinmu, na faɗa masa sunayen kajin gidan, na yi masa waƙoƙin da na manta na iya. Na cika kumatu har suka riƙa yi mini ciwo. Makonni suka wuce ba abin da ya canja, sai dai allurar tana raguwa, ni kuma kowace safiya ina tsaye a kansa ina fargabar kada fizgar ta dawo. Akwai ranakun da na yi wasan ba don ina sa rai ba, sai don na san Hajiya na zaune a ɗaki cikin zafi saboda ni.

Da aka gama janye allurar, kumatun suka fara saɓewa. Matan da suka yi ta tubarkalla suka dawo suna tambaya ko ciwon ne ya tashi, yaro duk ya rame. Hajiya ta ce wa ɗaya daga cikinsu, "Kumatun allura ne, na aro ne, an mayar wa mai su." Matar ba ta sake tambaya ba.

Ranar wata Asabar ce cikin damina, an yi ruwa da safe an ɗauke. Yayar Hajiya ta zo daga ƙauye, tsohuwa mai kaifin ido wadda ko Hajiya tana shakkarta, suna zaune su biyu a gindin gwaibar suna tsinkar zogale, yaron yana kwance a tsakaninsu. Da baƙuwa a gida ba zancen walaha mai tsawo. Mijina yana zaure wajen Baffa. Na fito daga madafa da kwanon ƙuli a hannu zan wuce, kaina a sunkuye yadda ya kamata.

"Ke," in ji Hajiya. "Yana kallonki."

Na tsaya. Na ɗan matsa gefe, na saci kallo. Kansa ya juyo, idanun nan suna biye da ni.

"Ajiye kwanon nan," ta ce. "Zo ki yi masa abin nan naki na kumatu."

Na dube ta baki buɗe. Tsohuwar ma ta dakata da tsinkar.

"Kin ɗauka rediyon nan naki yana rufe wani abu?" in ji Hajiya. "Tagarki a jikin ɗakina take. Yi masa, 'yar nan."

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a gaban surukata da yayarta, ni matar aure malamar makaranta, na cika kumatuna da iska. Na matso, na saki a wuyansa. Bai yi komai ba, amma bai kawar da ido ba. Na sake cikawa. Wannan karon tun kafin in kai wuyansa gefen bakinsa ya ɗaga. Da na saki iskar sai wata 'yar murya ta fito, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, ƙafa ɗaya ta harba. Dariyar ce. Ba ta kai ta da ƙarfi ba, amma ita ce, ko a cikin dubu zan gane ta.

Hajiya ta watsar da zogalen da ke cinyarta ta miƙe. Ta juya wajen zaure, ta ɗaga murya, ta kira sunan mijina. Sunansa na yanka, gaba ɗayansa, har sau biyu. "Zo ka gani! Yi sauri!"

Can sai ga shi ya leƙo daga zaure, hula a hannu, yana duban bayansa ko da wani mai sunan. Tsohuwar ta ce, "Kai ake kira, ka tsaya kana zare ido." Ya zo ya durƙusa kusa da ni, na sake cika kumatu, yaron ya sake yi, mijina ya rufe fuskarsa da hular.

Bayan wasu watanni aka sake ɗaukar hoton, likitar ta nuna mana ƙwaƙwalwar ta cika gurbinta. Fizgar ba ta dawo ba. Yanzu yana firamare. Ya yi jinkirin tafiya, ya yi jinkirin magana, karatu yana ba shi wuya fiye da ƙannensa, kuma har yau ba wanda ya iya ce mini wanne ne na cuta wanne ne na magani. Na daina tambaya. Dariya kuwa sai an ce masa ya isa haka.

Hajiya ba ta sake kiran sunan mijina ba. Tun kafin magaribar ranar dariyar nan ta koma wa halinta, na ji ta tana cewa a kai wa wancan ruwan alwala. Ni na kai masa. Ya karɓi butar ya riƙe bai fara ba, yana kallon ƙofar ɗakinta, mutumin da ya kusa arba'in da 'yar furfura a gemu. Sannan ya rage murya ya ce mini, "Ke ma kin ji ta, ko? Sunana ta kira."